Man helikirisum da warkar da rauni: abin da bincike ya nuna da abin da talla ta ƙara

Duk wanda ya taɓa neman maganin tabo ko na taruwar jini a ƙarƙashin fata a intanet, da wuya bai ci karo da wata 'yar kwalba mai duhu da aka rubuta Helichrysum a jikinta ba. Masu sayarwa suna cewa man da ke ciki yana haɗe rauni, yana goge tabo, yana janye kumburi, har ma yana hana fata yamushewa. Likitocin fata kuwa shawarar da suka fi bayarwa ita ce kada a ɗiga irin wannan mai a rauni buɗaɗɗe. Kowane ɓangare yana kafa hujja da bincike, shi ya sa mai karatu yake rasa ta wanda zai ɗauka.

Tushen ruɗanin guda ne: abubuwa da dama ake kira da suna ɗaya. Akwai tsiron kansa, akwai ruwan da ake samu in an dafa shi, akwai abin da ake jiƙowa daga cikinsa da sinadari a ɗakin gwaje-gwaje, sannan akwai man da ake tatsowa da tururi. Shi ma man ba iri ɗaya ba ne. Hujjar da aka samu a kan wannan sai a ɗora ta a kan wancan, kuma mai saye ba ya ganin inda aka yi musayar.

Tsiron da yadda ake fitar da mansa

Helichrysum sunan wani rukunin tsirrai ne mai kimanin iri 600, daga dangin da masana ke kira Asteraceae, dangin da kamomil da latas suka fito. Da yawa daga cikinsu a Afirka ta Kudu da Madagaska suke. Wanda ake magana a kansa game da fata shi ne Helichrysum italicum, ɗan ƙaramin tsiro mai siraran ganye masu launin toka da ƙananan furanni ruwan ɗorawa. Yana fitowa a busasshiyar ƙasa mai duwatsu a kewayen Tekun Bahar Rum: tsibiran Kosika da Sadiniya, Italiya, gaɓar Kuroshiya, kudancin Bosniya, Sifen da Fotugal. Furensa ba ya rasa launi ko ya bushe, don haka Faransawa suke ce masa immortelle, kuma wannan sunan ne ake yawan gani a jikin kayan kwalliya.

Man ƙamshin tsiro ba irin man da ake matsowa daga 'ya'yan itace ko iri ba ne. Ana zuba furanni a babbar tukunya, a tura musu tururi ta ƙasa. Tururin ya ɗebi sinadarai marasa nauyi masu tashi a iska, a sanyaya shi ya koma ruwa, man ya taso sama a kwalfe. Ruwan da ya rage ma ana sayar da shi daban a matsayin ruwan fure. Abin riƙewa a nan shi ne, sinadarai masu nauyi ba sa bin tururi, a cikin tukunya suke zama tare da tuƙar furen. Wannan batu zai dawo idan an zo maganar bincike.

Man da ake samu kaɗan ne ƙwarai, bai kai ko kusa da kashi 1 cikin 100 na nauyin furen ba. Sai an tara ɗaruruwan kilo na fure kafin a samu kilo guda na mai, ga shi sau ɗaya ake girbi a shekara, a tsakiyar lokacin zafi na yankin. Wannan ne ya sa yake cikin man ƙamshi mafiya tsada, kuma tsadar ce take jawo algus.

Suna ɗaya, abin ciki daban

Idan aka auna man da aka tatso a Kosika, sinadarin da ya fi rinjaye shi ne neril asitet, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na man. Na Kuroshiya da Bosniya kuwa ya fi yawan alfa-finen da gama-kurkumen, neril asitet ɗinsa bai kai na Kosika ba. Akwai kuma wasu sinadarai da ake kira italidiyon, waɗanda masu maganin ƙamshi, wato masu yin magani da man ƙamshin tsirrai, suke danganta wa janye taruwar jini, kuma yawansu yana sauyawa daga gona zuwa gona. Ƙasa, tsayin wuri, lokacin girbi da tsawon lokacin tururi duk suna sauya lissafin.

Sannan akwai man da ake tatsowa daga wasu nau'o'in daban, irin su Helichrysum gymnocephalum na Madagaska, wanda siniyol ya fi yawa a cikinsa, sinadarin da ke ba yukaliftus ƙamshinsa. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma halal ne a rubuta masa Helichrysum tunda sunan rukuninsu ke nan. Amma duk binciken fata da ake ambata a talla ba a kansa aka yi ba.

Kasuwar ta bunƙasa ne bayan kamfanonin kayan kwalliya, musamman L'Occitane na Faransa, sun gina jerin kayayyakin gyaran fuska a kan wannan fure. A tsakiyar shekarun 2010 manoma a Hazagobina, wato kudancin Bosniya, da gaɓar Kuroshiya suka yi rububin shuka shi, kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi, da dama suka bar gonakin. Abin da ya rage shi ne kasuwa mai cike da mai daga wurare daban-daban, mai inganci daban-daban.

Daga ina labarin warkarwa ya fito?

Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen Bahar Rum sun daɗe suna amfani da wannan tsiro wajen tari, ciwon ciki, kumburin fata da raunuka. Sai dai abin da suka saba shi ne dafa furen ko jiƙa shi, su sha ko su wanke wurin. A shekarun 1940 da 1950 wani likita ɗan Italiya, Leonardo Santini, ya gwada shi a kan masu cutar fatar nan mai sa ɓawo da ake kira soriyasis, ya ba da rahoton samun sauƙi. Shi ma da dafaffen tsiron da abin da aka jiƙo daga gare shi ya yi aiki, kuma a wancan zamani ba a tsara gwaji yadda ake tsara shi yanzu.

Sunan da man ya yi wajen taruwar jini da tabo ya fito ne daga masu maganin ƙamshi na Faransa a ƙarni na 20. Daga rubuce-rubucensu maganar ta shiga Ingilishi, daga nan kamfanonin da ke sayar da kaya ta hannun wakilai suka yaɗa ta a Facebook da Instagram. A kowane mataki kalmomin suna ƙara ƙarfi: abin da ya fara da "ana amfani da shi" ya koma "yana taimakawa", ya ƙare da "yana warkarwa".

Yadda rauni yake warkewa da kansa

Ba za a iya auna shaidar masu cewa sun gwada sun ga aiki ba sai an san abin da jiki yake yi ko ba a shafa komai ba. Da zarar fata ta tsage, jini yakan daskare cikin mintuna ya toshe wurin. Sai kumburi ya biyo baya na 'yan kwanaki, wurin ya yi ja, ya yi ɗumi, ƙwayoyin garkuwar jiki su share datti da ƙwayoyin cuta. Wannan kumburin aiki ne, ba cuta ba, sai in ya wuce lokacinsa. Bayan haka sabuwar tsoka ta cike ramin, fata ta rufe daga gefe, abin da kan ɗauki makonni. Mataki na ƙarshe shi ne mafi tsawo: jiki yana sake jera zaren kolajin, sinadarin da ke ba fata ƙarfi, a cikin tabon har shekara guda ko fiye, tabon yana lafawa yana dusashewa. Ko ya gama, ƙarfinsa bai wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na lafiyayyar fata ba.

Taruwar jini ta ɗan bugu kan baje cikin kamar mako biyu. Tabo kan dusashe cikin watanni. Saboda haka hoton "kafin" da na "bayan" da ake nunawa a talla ba ya raba aikin mai da aikin lokaci. Ƙari a kan haka, yawanci ba a shafa man helikirisum shi kaɗai, sai an sirka shi da wani mai, kuma ana murza wurin kullum. Tun 1962 wani mai bincike ɗan Birtaniya, George Winter, ya nuna a kan aladu cewa raunin da aka rufe ya zauna da danshi ya fi wanda aka bari ya bushe saurin rufewa. Kowane mai da ya hana fata bushewa zai iya ba da wani ɓangare na sakamakon da ake yaba wa helikirisum.

Matakan hujja

A ɗakin gwaje-gwaje sakamakon yana da ban sha'awa. Man yana hana wasu ƙwayoyin cuta girma a faranti, ciki har da Staphylococcus aureus da ke yawan sa rauni ya yi mugunya. A 2009 masu bincike a Faransa sun nuna cewa man, musamman jeraniyol da ke cikinsa, yana toshe hanyar da wasu ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani suke bi su fitar da maganin daga jikinsu. Amma faranti ba rauni ba ne. A rauni akwai jini da ruwan jiki da ke raunana sinadari, akwai kuma ƙwayoyin fatar mutum da sinadarin zai iya ƙonawa idan ya yi ƙarfi.

Hujja mafi ƙarfi kan rage kumburi ta shafi wani sinadari mai suna arzanol, wanda masana a Italiya suka ware a 2007 daga nau'in tsiron da ke fitowa a Sadiniya. Gwaje-gwaje sun nuna yana dakatar da wasu hanyoyin da jiki ke kunna kumburi. Sai dai arzanol yana cikin sinadarai masu nauyin nan da ba sa bin tururi. Da sinadarin jiƙo ake fitar da shi, ba a samunsa a man ƙamshi. Duk tallar da ta ambaci binciken arzanol don sayar da man, ta aro hujjar wani abu ne daban.

A kan dabbobi, wani bincike da aka wallafa a 2021 daga ƙasar Sabiya ya gwada man shafawa da aka sa wa ɗan kaɗan na man helikirisum a kan ɓeraye masu ciwon sukari, raunukansu suka fi saurin rufewa. Wannan ya isa dalilin ci gaba da bincike. Abin lura shi ne fatar ɓera sakakkiya ce, rauninsa ya fi rufewa ta hanyar tsukewa, na mutum kuma ta hanyar cikewa da sabuwar tsoka, don haka ba kowane sakamako ke tsallakowa ba.

A kan mutane ne hujjar ta yi ƙaranci. Rahoton da aka fi ambata na wasu likitoci ne a Faransa a 2007, waɗanda suka yi amfani da man tare da man 'ya'yan wardi a kan mutanen da aka yi wa tiyatar gyaran jiki, suka ce kumburi da taruwar jini sun ragu. Mutanen kaɗan ne, kuma ba a ware wasu da ba a shafa wa ba don a kwatanta. A 2014 masu bincike a Fotugal sun tattara abin da aka rubuta kan tsiron a mujallar Journal of Ethnopharmacology, suka kammala da cewa gwaje-gwajen ɗaki suna ƙarfafa gwiwa, amma ana buƙatar gwaji a kan mutane kafin a tabbatar da amfanin.

Abin da kowane ɓangare yake cewa

Masu goyon baya suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Suna cewa rashin gwaji ba shi ne rashin aiki ba. Gwaji a kan mutane yana cin kuɗi mai yawa, kuma kamfani ba ya zuba kuɗi a kan abin da ba zai mallaki haƙƙinsa shi kaɗai ba. Suna nuna cewa man helikirisum yana da sauƙi a fata idan aka kwatanta da man kirfa ko na kanumfari masu ƙuna. Suna kuma tunatar da cewa magunguna da yawa daga tsirrai suka fito. Atimisinin na zazzaɓin cizon sauro, wanda ya sa Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015, daga tsiro ɗan dangin Asteraceae aka samo shi.

Likitoci ba su musa wannan tarihi ba, amsarsu ita ce atimisinin bai shiga asibiti ba sai da aka ware shi, aka auna adadinsa, aka gwada shi a kan marasa lafiya. Haka zumar da aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar cikinta ta samu shiga kayan ɗaurin rauni bayan gwaji. Ke nan ba ƙin abin da ya fito daga tsiro ake yi ba. Damuwarsu da man ƙamshi a rauni buɗaɗɗe uku ce. Fatar da ta tsage ba ta da kariya, sinadari yana shiga kai tsaye, wanda hakan ke sauƙaƙa wa jiki ya ƙi shi har abada, ya riƙa ƙaiƙayi da ƙuraje duk lokacin da ya sake haɗuwa da shi ko a sabulu ne. Mai mai ƙarfi yana iya kashe sababbin ƙwayoyin fata da ke ƙoƙarin rufe raunin. Ta uku kuma, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce jinkiri: mutum ya zauna yana ɗiga mai a gida alhali ciwon yana ci.

Hukumomi kuma ba ingancin man suke yanke wa hukunci ba, kalaman da aka sayar da shi da su suke dubawa. A Amurka, hukumar abinci da magunguna ta FDA tana ɗaukar mai a matsayin kayan kwalliya idan an ce yana ƙamshi ko yana gyara fata. Da zarar an ce yana warkar da rauni ko cuta, ya zama magani a idon doka, kuma sai ya samu amincewa. A watan Satumba na 2014 hukumar ta aika wa kamfanonin doTERRA da Young Living takardun gargaɗi kan iƙirarin warkar da cututtuka da wakilansu suke yi game da man ƙamshi. Wannan ne ya sa kwalba take cewa "yana kwantar da fata", wakili a bidiyo kuma yake cewa "yana warkarwa". Lakabin da wasu ke rubutawa na cewa mai ya kai "matakin magani" ma kalmar kasuwa ce, babu hukumar da ke ba da shi.

A Turai, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da amfanin gargajiya na furen wani nau'in, Helichrysum arenarium, amma a matsayin shayi don kumburin ciki da rashin narkewar abinci. Ba man ƙamshi ba ne, ba nau'in italicum ba ne, ba kuma don rauni ba. Dokar kayan kwalliya ta tarayyar kuma ta wajabta rubuta sunayen sinadaran ƙamshi masu iya tayar da fata idan sun wuce kashi 0.001 cikin 100 a abin da ake bari a jiki, ko kashi 0.01 a abin da ake wankewa. Da farko sinadarai 26 ne a jerin, ciki har da limonen, linalul da jeraniyol, waɗanda duk ana samunsu a man helikirisum. A 2023 aka ƙara wasu 56, finen na cikinsu. An sa ƙarshen Yuli 2026 a matsayin wa'adin sababbin kaya, ƙarshen Yuli 2028 kuma ga waɗanda suka riga suka shiga kasuwa. Mai saye zai ga jerin sunaye ya ƙara tsawo a jikin kwalba, ba don an sauya abin da ke ciki ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai amfani

Ga lafiyayyar fata, ko tabon da ya riga ya rufe sarai, man da aka sirka yadda ya kamata ba ya cutar da yawancin mutane. Ma'aunin da masu harkar suka saba bayarwa shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato kamar ɗigo ɗaya ko biyu a ƙaramin cokali na wani mai marar ƙamshi, irin na jojoba ko na kwakwa. Ana fara gwadawa a ɗan wuri a cikin hannu, a jira kwana biyu. Wanda ya san kamomil ko wani ɗan dangin Asteraceae yana tayar masa da fata, ya fi kowa dalilin kaucewa. Ba a sha, ba a kai shi kusa da ido, kuma a ɓoye kwalbar daga yara, domin ɗan kaɗan na man ƙamshi in yaro ya haɗiye yana iya kai shi asibiti. Mai ciki, mai shayarwa da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna.

Masu duhun fata suna da ƙarin abin lura. Duk abin da ya tayar da fata, ko ƙaiƙayi ne na 'yan kwanaki, yana iya barin baƙin tabo da zai ɗauki watanni kafin ya tafi. Mai neman goge tabo da mai mai ƙarfi zai iya ƙarewa da wanda ya fi na farko fitowa, garin neman gira a rasa ido. Tabo mai tudu da ke girma ya wuce iyakar raunin ma ya fi yawa a masu duhun fata, kuma abin da likitoci suke fara bayarwa a kansa shi ne filastar silikon ko man silikon, sai allurar da ake yi a cikin tabon. Babu gwajin da ya nuna man ƙamshi yana kwantar da irin wannan tabo.

Ga ƙaramin yanka ko ƙujewa, abin da aka tabbatar ba shi da tsada: a wanke da ruwa mai tsabta, a shafa basilin, a rufe da bandeji, a riƙa sauyawa. Rauni mai zurfi, wanda ya buɗe baki, cizon dabba, sukar ƙusa, ƙuna mai faɗi, da kowane ciwo a ƙafar mai ciwon sukari, na asibiti ne tun ranar farko, har da duba rigakafin sarƙewar haƙora. Haka ciwon da jansa ke faɗaɗa, yake mugunya, yake wari, ko ya zo da zazzaɓi.

Wanda ya yanke shawarar saye ya duba cikakken sunan Helichrysum italicum, ƙasar da aka girbe shi, lambar rukunin da aka tatso, da takardar gwajin sinadarai, wadda kamfanoni masu gaskiya suke bayarwa. Araha fiye da kima alama ce ta wani nau'in daban, ko sirki, ko neril asitet na masana'anta da aka ƙara. Akwai kuma matsalar da tsadar kanta take haifarwa: mutane suna tattalin kwalba ɗaya har shekaru. Limonen da finen suna lalacewa idan iska da haske da zafi suka taɓa su, kuma abin da suke rikiɗewa su zama ya fi su tayar da fata. Kwalbar da aka buɗe ta daɗe, ko ƙamshinta ya sauya, ko man ya yi kauri, ba ta dace da fata ba kuma.